Yadda na koyi rawar dina ban riƙe hannun amaryata ba

A falon baƙi na gidansu da ke Gwarinpa maganar ta taso, wata Lahadi a farkon Oktoban 2024. An riga an sa rana, ana ta haɗa lefe, ni kuwa kaina ya cika da lissafin kuɗin ɗakin taro da na abinci. Ta miƙo min wayarta ta ce, "Yallaɓai, kalli wannan." Wasu ango da amarya ne a tsakiyar fili, an rage fitilu, suna juyawa a hankali kamar ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Na ce sun yi kyau, Allah ya ba su zaman lafiya. Ta ce ita ba addu'a ta nema ba, irin wannan take so mu yi ranar dina.

Dariya na yi, don na ɗauka wasa take. A Jos na tashi, kuma duk rayuwata rawa ɗaya na iya, ta abokan ango: ka tsaya wuri guda, ka tattare hannun babbar riga, ka riƙa ɗan girgiza kafaɗa kana murmushi har waƙa ta ƙare. Da ita na halarci bikin abokai ya fi goma, ba wanda ya taɓa kuka da ni. Amma da na ga ita ba ta yi dariya ba, na gane abin ya daɗe a ranta. Na ce to, a ba ni kwana biyu.

Hajiya na fara kira, don na san idan maganar ta iske ta ta bakin wani, ta lalace. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Rawar ai bayan an ɗaura ce, matarka ce a lokacin. Kunyar idon jama'a ce ta rage, wannan kuma ku ta shafa. Ni koyon nake tambaya. Wata biyu za ka yi kana riƙe da 'yar mutane kullum da yamma, ba a shafa fatiha ba?" Na rasa amsa. Gaskiya ko kusa tunanina bai kai nan ba, ita ma amaryar nata bai kai ba. Da na gaya mata ta yi shiru, can ta ce Gwaggonta ma abin da za ta faɗa ke nan, kuma Gwaggon ita ce uwar biki. Haka kuwa aka yi, har da ƙari: Gwaggo ta ce in dai an kiyaye wannan ba za ta hana ba, amma ranar ita kam sunkuyar da kai za ta yi, ba za ta kalla ba. Muka tsaya a kan za mu nemi inda za a koya mana a rarrabe, in babu a haƙura. Ɗaurin aure Juma'a 20 ga Disamba, dina washegari Asabar. Kusan mako goma sha ɗaya ke nan a hannunmu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wuri na farko da na je a Wuse 2 yake, a saman wani benen shaguna, inda ake ajin rawar salsa da yamma. Ni kaɗai na je, na zauna a benci kusa da ƙofa ina kallo. Mutane sun kai talatin, yawanci ma'aikata da suka taso daga ofis, Yarbawa, Igbo, Turawa biyu, har da wasu samari da na ji suna Hausa a tsakaninsu. Malamin yana ƙirga da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, ya yi shiru, biyar, shida, bakwai, ya yi shiru. Daga baya ya bayyana min cewa takwas-takwas ake ƙirga kiɗan salsa, amma taku shida ake yi, a huɗu da takwas ɗan dakatawa ne. Tushen kiɗan daga Kyuba yake, a Amurka ya samu wannan suna ya bazu. Bayan salsa suka juya bacata, ta Jamhuriyar Dominika, mai taku uku zuwa gefe sannan a ɗan dangwali ƙasa a na huɗu. Aka rufe da kizomba ta Angola, wadda ake yi ƙirji da ƙirji. A nan ne na soma duba agogo.

Duk bayan minti biyu ko uku malamin zai tafa hannu ya ce a canja, sai kowace mace ta matsa wurin namiji na gaba. Na tambaye shi dalili. Ya ce mutum biyu da suka saba da juna haddace juna kawai suke yi, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri. Sai ka yi da baƙo za ka san ko hannunka yana isar da saƙo. Na riƙe wannan magana, kuma ta jira ni a gaba. Ba zan ɓata wurin ba, akwai ladabi a cikinsa fiye da yadda na zata. Ba mai kama hannun wata sai ya tambaya, in ta ce a'a ya yi murmushi ya wuce, in waƙa ta ƙare a yi godiya a rabu. Na ga malamin ya ja wani saurayi gefe don yana yi wa abokiyar rawarsa gyara a tsakiyar fili, ya ce masa gyara aikin malami ne. Wanda ke son rawar shiga jama'a, irin ta daren salsa da ake yi a wuraren shaƙatawa na Abuja, ajin taro irin wannan ya fi masa, ya kuma fi arha nesa ba kusa ba. Amma ni da aka hana riƙe hannun mace ɗaya, ina ni ina goma sha biyar? Na yi masa bayanin halin da nake ciki, ya ce su haka tsarinsu yake, ba zai iya canja min ba. Na gode masa da bai yaudare ni ba.

Na biyu amarya ce ta samo shi a Instagram, kuma bidiyonsu ne wanda ta fara nuna min. Muka je da ita da babbar ƙawarta ranar Asabar, wajen Jabi. Ɗaki ne mai kyau, fitilu kala-kala, amma daɓen tayil ne a kan siminti, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Wanda muke gani a bidiyo ba ya nan, wai ya tafi Legas, wani yaro ne zai koya mana. Kafin ya tambayi sunanmu ya buɗe kwamfuta ya nuna mana tsari uku, kowanne da kuɗinsa, a biya duka kafin a fara, kuma duk darasin da aka fasa ya ƙone. Na tsakiyar ma ya kusa kuɗin masu hoto. A rawar da ya tsara akwai inda ango zai ɗaga amarya cak ya juya da ita, da inda zai kwantar da ita baya a hannunsa har ɗaurinta ya kusa taɓa ƙasa. Ƙawar amarya ta zaro ido ta ce, "A gaban Gwaggo?" Yaron bai gane ba. Da na kawo maganar koyo a rarrabe ya yi dariya, ya ce ai yanzu an waye. Abin da ya ƙarasa kashe maganar wani layi ne a takardar da ya ba mu mu sa hannu: duk bidiyon da aka ɗauka lokacin darasi nasu ne, suna iya sa shi a shafinsu. Amarya ta ajiye biro ta ce, "Yallaɓai, tashi mu tafi." Ita da ta kawo mu.

Mako biyu suka tafi a wannan yawo, ga litar fetur ta haura naira dubu a watan, kowace fita da ciwonta. Har na fara murna a ɓoye cewa maganar za ta mutu da kanta. Sai wata abokiyar aikina 'yar Filato ta ba ni lambar wani mutum da matarsa da ke koyar da rawa a wajen Life Camp, minti goma daga gidan su amarya. Ko allo babu a ƙofa. Falon gida ne aka kwashe kujeru, aka shimfiɗa daɓen katako, aka manna madubi a bango ɗaya. Na gaishe shi da Turanci, ya amsa min da Hausa, irin Hausarmu ta Jos. Ashe ɗan ƙabilar Afizere ne, da rawar Asharuwa ya buɗe ido kafin ya koyi ta Turawa. Sai da muka ɓata minti goma a hirar sanyin Disamba da yadda unguwar Terminus ta koma tun bayan gobarar kasuwa ta 2002.

Ban gama bayanin matsalata ba ya ce ya gane, ba mu ne na farko ba. Ya ɗauko littafi ya shiga tambaya, kuma tambayoyin ne suka sa na san na iso. Me zan sa ranar, babbar riga ko kaftani? Rigar amarya tana da jela? Takalminta fa, yaya tsininsa? Wane irin ɗauri za a yi mata? Ƙasan ɗakin taron tayil ne ko kafet? Su wa za su zauna a teburin gaba, iyaye za su halarta ko sa'anni ne kawai? Ta ƙarshe ita ce, "Akwai abin da in kuka yi shi a gaban mutane, washegari za a kira ku a yi muku faɗa?" Na ce akwai, da yawa ma. Ya ce to mu fara lissafa su mu ajiye gefe, abin da ya rage shi ne rawarmu.

Ni ma na yi nawa, tunda yawon da na sha ya koya min abin tambaya. Shi da matarsa ne ke koyarwa, ba wani yaro. Darasin farko gwaji ne, in ya yi mana sai mu riƙa biyan huɗu-huɗu, kuma in aka sanar da shi kwana ɗaya kafin lokaci ana ɗagawa. Bidiyo da wayarmu kawai za a ɗauka, don bita a gida. Da na ce in an ɗauke wuta fa, ya nuna min baturan sola a lungu. Magariba kuwa ban ma tambaya ba, matarsa ta buɗe min wani ɗan ɗaki mai tabarma da buta. Katakon ma da dalilinsa: a kan sanduna aka ɗora shi don ya riƙa ɗan lotsawa, saboda siminti ba ya tausayin gwiwa, awa ɗaya kana juyi a kansa sai ka ji a jikinka washegari.

Tsarin da ya fitar mai sauƙi ne har na ji haushin ban yi tunaninsa da kaina ba. Ni in riƙa zuwa Talata da muharramata wadda tsayinta ya yi kusa da na amarya. Amarya ta zo Alhamis, matarsa ta tsaya mata a matsayin ango. Taku ɗaya, ƙirga ɗaya, ɗaki ɗaya, rana ce kawai daban. Autarmu tana bautar ƙasa a Abuja a lokacin, tana zaune gidan yayarmu a Kubwa. Da na roƙe ta ta ce, "Yaya, nawa za ka biya?" Na ce kuɗin mota da shawarma. Ta ce a rubuta. Na rubuta, na sa hannu.

Darasin farko tafiya kawai muka yi, ba kiɗa. Ya ce yawancin mazan da ke zuwa wurinsa ba ƙafa ce matsalarsu ba, nauyi ne: mutum ya ajiye ƙafa bai ɗora nauyinsa a kanta ba, sai ya rasa wacce zai ɗaga. Ƙafar da ba ta ɗauke da kai, ita ce mai tafiya. Daga nan ya zana min murabba'i a ƙasa da alli. Hagu gaba, dama gefe, hagu ta haɗe. Dama baya, hagu gefe, dama ta haɗe. Mace ta yi kishiyar haka, ta fara da dama baya. Akwati suke kiransa. Ƙanwata ta ce ashe wannan ce rawar 'yan matan da ake faɗa, a yi gaba a dawo baya. A ranar kaɗai na taka ta sau huɗu, kuma na lura tana ƙirgawa.

Sau ɗaya muka haɗu gaba ɗaya a falon, ranar zaɓen waƙa. Amarya ta zo da sunan rawar wals a bakinta, don ita ta gani a bidiyon. Amma waƙar da take so ta Hausa ce, ta soyayya, wadda muke ji tun farkon haɗuwarmu. Malam ya kunna, ya rufe ido yana buga yatsa a cinya, ya ce wannan ba za ta yi wals ba. Wals, wadda ta fito daga ƙasashen Ostiriya da Jamus, uku-uku ake ƙirga ta, waƙarmu kuwa huɗu-huɗu take tafiya. In aka tilasta, kafin a yi nisa ƙafa da kiɗa sun raba hanya, ko wanda bai san rawa ba zai ga da sake. Ko a canja waƙa, ko a canja ƙirga. Ta ce waƙa kam ba ta canjuwa. Sai ya bar mana akwatin yadda yake, ya ɗora masa ƙirgar wata rawa da ake kira rumba: takun farko ya ci bugu biyu, biyun da ke biye kowanne bugu ɗaya. Da Hausa yake ƙirga mana, "a hankali, maza, maza." Kwana uku ina jin wannan a kaina har a layin banki. Ya kuma ce a yanke waƙar. Minti biyar ce. Ya ce biyu da rabi ya isa, bayan haka jama'a sun koma kan faranti da waya, ku kuma murmushinku ya zama yaƙe.

Gano inda "ɗaya" take a cikin waƙa shi ya fi ba ni wuya, don ni duk bugun iri ɗaya nake jinsa. Ya sa na riƙa kunna ta a mota, in daina bin muryar mawaƙin, in bi ganga mai nauyi da ke can ƙasa ina buga sitiyari. Sai a mako na uku kunnena ya buɗe, wata safiya a cunkoson Berger, na ji ta sarai kamar an kira sunana.

Sai riƙo. Wanda aka saba a irin wannan rawa, hannun daman namiji yana kan allon kafaɗar mace ta hagu, hagunsa kuma riƙe da damanta a sama. Mu buɗaɗɗe muka zaɓa, hannu biyu cikin hannu biyu, da tazara sosai a tsakani, saboda teburin gaba. Malam bai yi musu ba, amma ya gargaɗe ni cewa wannan ya fi wuya, tunda duk saƙon da zan aika mata ta tafin hannu kawai zai bi. Kuma jagoranci ba fizgar hannu ba ne. Hannu ya tsaya daram, ba a sandare ba, ba kuma a sake kamar dafaffiyar taliya ba. Jikinka ne zai fara tafiya, ita ta ji. Da ya ga bayani ya ƙi shiga, ya ce in rufe ido, shi ne ango ni ne amarya. Ƙato da ni, wani ƙaton yana juya ni a falo, ƙanwata na dariya har da hawaye tana ɗauka a waya. Amma a minti biyar ɗin nan na gane abin da mako biyu bai koya min ba. In mai ja yana shakka, wanda ake ja ji yake kamar yana lalube a duhu. Kallon ƙafa kuwa har ƙarshe bai daina yi min faɗa a kai ba. "Malam, tana nan inda ka bar ta, ba mai sacewa."

Mako biyu kafin biki ya ce kowa ya zo da kayansa. Na zo da babbar rigar gezna sabuwa dal daga wurin tela, tana ƙara kamar takarda. A juyin farko, da na ɗaga hannun hagu don ƙanwata ta wuce ta ƙarƙashi, hannun rigar ya zubo ya lulluɓe mata fuska. Muka koyi naɗe shi a kafaɗa kafin a fara, da sake gyara shi a wani wuri da waƙar ke ɗan lafawa, yadda mai kallo zai ɗauka ƙasaita ce. Takalmina ma ya ƙi. Tafinsa roba ne, yana kama ƙasa, in na juya gwiwa ce ke murɗawa ƙafa na tsaye. Na koma mai tafin fata, ya ce in goga shi a siminti tukuna don sabo santsi gare shi. A ɓangaren amarya, matar malam ta mayar da ita wurin tela aka sa wa jelar rigar maɓallin tattarewa, don duk takun baya da za ta yi jelar na jiran dunduniyarta. Darasinta biyu na ƙarshe da takalmin ranar ta yi su. Aka tambayi mai kwalliya tsayin ɗaurin da za ta yi, aka kafa wa ƙanwata gwaggwaro irinsa don in saba ɗaga hannu sama sosai, kada in tuɓe wa amarya kai a bainar jama'a.

Abu na ƙarshe da ya ja mana kunne a kai shi ne liƙi. A shekarar kowa na maganarsa, tunda hukumar EFCC ta gurfanar da wasu sanannun mutane kan wulaƙanta naira, kuma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, ga mai watsa kuɗi ko taka su a wurin biki. Amma shi ba doka ce damuwarsa ba. Sabbin takardun kuɗi a kan tayil santsi gare su kamar ɓawon ayaba, kuma da mutum ɗaya ya shigo fili ashirin sun biyo shi. Muka ce wa MC ya roƙi jama'a su ba mu minti uku, aka ajiye tire a gefe ga mai son yin alheri.

Makon biki ba a maganar bita. Ga sa lalle, ga kamu, ga baƙi daga Jos sun cika gidan yayarmu. Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ɗaura, na wuni ina gaisawa har hannuna ya yi tsami. Sai Asabar da ƙarfe goma na safe, bayan ƙawarta ta durƙusa ta roƙi Gwaggo, aka ba mu aron amarya na awa ɗaya. Muka haɗu a ɗakin taron, masu ado suna ta hawa tsani suna rataye furanni. Malam da matarsa suka zo, ƙanwata da ƙawar suka tsaya gefe.

A nan na fara riƙe hannun matata, lalle ya kama har wuyan hannu, kuma nan take komai ya watse. Ƙanwata tana da ƙarfin hannu, ta kuma haddace tsarin kaf, ashe rabin lokaci ita ke ja na ban sani ba. Abin da malamin Wuse ya faɗa ke nan. Amarya kuwa da matar malam ta saba, mai ja ba shakka ba inda-inda, sai ta tsaya tana jira in nuna mata inda za mu. Ina jira ta tafi, tana jira in kai ta. Muka yi cirko-cirko a tsakiyar fili, waƙa na ta tafiya abinta. Ta ɗago ta dube ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Ango, ai kai ne direba." Malam bai ce uffan ba, ya mayar da waƙar farko. A karo na uku muka kai ƙarshe. A na biyar ya cire juyi ɗaya daga cikin ukun da muka shirya, ya ce wanda ya ƙi zama da safe ba da dare zai zauna ba. Filin ya ninka falonsa faɗi, sai ya manna ɗan farin salatif a inda za mu fara da inda za mu tsaya mu fuskanci iyaye.

Wajen tara da rabi na dare MC ya kira mu. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar gezna a kunnena da zufar tafin hannuna. Na nemo gangar nan mai nauyi, na same ta, na taka hagu. Akwati huɗu na farko ban ga kowa ba. A juyin farko hannun riga ya zauna inda aka ajiye shi, ɗauri ya wuce lafiya, sai wata tsohuwa daga dangin Hajiya ta rangaɗa guɗa, ɗaki ya ɗauka. A nan ƙirga ta kuɓuce min, na taka dama inda hagu ya kamata. Malam ya riga ya gaya mana abin yi: kada a tsaya, kada a kalli ƙasa, a yi ta lilo gefe da gefe har ɗaya ta zagayo. Muka yi haka, kuma a bidiyo ba ka ce kuskure ba ne.

Wanda ba mu shirya wa ba DJ ne. Tun Talata na tura masa yankakkiyar waƙar ta WhatsApp, ya ce ya gani, amma cikakkiyar ya saka. Da za a mayar da ni baya, a filash zan kai masa, in tsaya a kansa ya kunna ta a gabana da rana. Muka iso kan salatif ɗinmu, muka fuskanci iyaye, muka ɗan rusuna, waƙa kuwa ta shiga sabon baiti. Minti biyu da rabi suka rage, mu kuma rawarmu ta ƙare. Ina tsaye riƙe da hannunta kamar an dasa ni, sai Gwaggo ta tashi daga teburin gaba, ita da ta ce ba za ta kalla ba. Ta gyara mayafi, ta shigo fili tana taku irin na kiɗan ƙwarya, ta karɓe hannun 'yarta daga nawa. Ƙawaye masu anko suka biyo ta, abokaina suka kewaye ni, na koma rawata ta asali, ta kafaɗa.

Ranar Litinin ƙanwata ta turo min hoton takardar da ta sa na rubuta a Oktoba. A ƙasan kuɗin mota da shawarma ta ƙara layi da biro: taka ƙafa sau ashirin da uku, takalmi ɗaya ya mutu. Na ce ina ta samo ashirin da uku, ni goma na sani. Ta ce tana da shaida, bidiyon bita duk suna wayarta, kuma in na ƙi biya za ta tura wa Hajiya wanda malam ke juya ni ido a rufe. Kafin la'asar na tura mata kuɗin takalmin.